Gwangwani na Huɗu

A bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan akwai wata silima da asalinta sito ne na citta. Ko a shekarar 1976, in damina ta yi nisa bango ya sha ruwa, sai ƙamshin citta ya riƙa tashi, masu kallo suna ta atishawa. Da yake rufaffiya ce, ba a jiran duhu. Ran Asabar ƙarfe huɗu ake fara nunawa, kafin magariba an watse.

A cikin wannan siton Kumai ya ga fim ɗin da ya fi ƙauna a duniya. A 1958 ne, lokacin yana zuba kwal a injin jirgi, bai kai ga zama direba ba. Fim ɗin kaboyi ne, baƙi da fari. Babu wanda ya riƙe sunansa na Turanci, mutanen gari suka laƙaba masa "Mai Rijiya". Asabar uku aka nuna shi, Asabar uku Kumai yana ciki, daga nan aka mayar da shi Legas, bai ƙara dawowa ba.

Amma a bakin Kumai bai tafi ko'ina ba. Ya zama direba, ya yi shekaru yana jan jirgi tsakanin Kafanchan da Jos da Makurdi, ya yi ritaya, labarin yana nan. Mafi yawa a shagon amininsa Malam Sambo tela yake ba da shi, don tare suka kalla. Kumai yana faɗa, Sambo yana taka keken ɗinki yana gyaɗa kai, in an tsallake wani wuri ya tuna masa.

Labarin wata mata ce da mijinta ya mutu ya bar mata rijiya, ita kaɗai ce rijiya a wani gari mai fari. Wani mai shanu, shi ne bos, ya sa yaransa su ƙwace. Sai ga baƙo a kan farin doki da farar hula, shi ne akta. Bai karɓi komai a hannun matar ba, bai taɓa harbin mutum ta baya ba. Akwai wurin da ya hau dutse shi kaɗai da yamma, sai kuma aka gan shi ya dawo da safe, gari na ta murna. Kumai yakan ce addu'a ya je yi, yadda Yesu yakan keɓe kansa a kan dutse kafin babban aiki. Sambo yakan ce e, halwa ce. A nan ba su taɓa saɓawa ba. A ƙarshe akta ya tsaya gaba da gaba da bos, ya riga shi harbi, sannan ya ɗebo ruwan rijiyar a cikin hularsa, ya durƙusa ya shayar da mutumin kafin ransa ya fita.

"Wannan shi ne namiji," in ji Kumai kullum in ya zo nan, idonsa ya kawo ruwa.

Wata Talata cikin watan Yuli, Sambo ya zo gidan Kumai a guje, awon ɗinkinsa na rataye a wuya.

"Direba, Mai Rijiya ya dawo! Na ga hoton a bangon silima. Gregory ya ce sabo ne, sun sake yin sa, mai kala."

Gregory shi ne mai juya injin silimar tun ranar da aka buɗe ta, in ban da shekarun yaƙin basasa da ya tafi garinsu can kudu.

Kumai bai iya cin abinci sosai ran nan ba. Ya gaya wa matarsa Martina ta shirya, wannan karon sai ta gani da idonta, ta daina cewa ƙarin gishiri yake yi. Ya aika wa ƙanenta Meshak, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da ɗingishi ya buɗe rumfar gyaran keke a bakin kasuwa. Meshak ba mai son taro ba ne, amma ya ce zai zo.

Ran Asabar siton ya cika maƙil. Dattawan da suka ga na farko sun zo da manyan riguna kamar za su biki, waɗanda ba su gani ba kuwa sun haddace shi daga bakin Kumai. Aka ba shi benci na tsakiya, don yana jin Turancin reluwe, kuma ya saba fassara wa na kusa da shi.

Da fitila ta mutu bango ya haska, aka yi tafi. Ga gari, ga rijiya, ga matar. Jan ƙasa kamar ta hanyar Zangon Kataf, sararin sama shuɗi shar. Martina ta ce, "Kai, da kyau."

Sai akta ya shigo.

Doki ba fari ba ne, wata ramammiyar goɗiya ce mai tabo a gadon baya. Hular kuwa ba a gane launinta saboda dauɗa. Gemu buzu-buzu, ya tofar da yawu kusa da ƙafar matar, ya zaro kwalba daga aljihu ya kurɓa.

"Wannan yaron bos ne," in ji Kumai da ƙarfi. "Ku jira, akta na zuwa."

Aka jira. Ba wanda ya zo. Matar ta durƙusa tana roƙon mai dauɗar nan, shi kuma ya nuna zoben aurenta da yatsa. Ta cire ta ba shi.

"Direba, me ya ce?" wani ya tambaya daga baya.

Kumai ya ce a hankali, "Ya ce ba ya aikin banza."

Daga nan abin ya riƙa taɓarɓarewa. A tsohon fim in an harbi mutum sai ya dafe ƙirji ya kwanta kamar mai barci. A wannan kuwa jini ne ja wur yake fantsama har bango, mutum yana jan ciki yana kiran uwarsa. Wata mata a gaba ta rufe fuska da gyale. Akta bai hau dutse ba, ɗakin matan banza ya kwana. Sambo yana ta salati ƙasa-ƙasa.

Duk da haka Kumai bai fid da rai ba. Ya riƙe hannun Martina ya ce ta jira ƙarshen, ai dole su tsaya gaba da gaba.

Ƙarshen ya zo. Bos ya iso rijiya shi kaɗai da tsakar rana, ya ajiye bindigarsa a kan dutse, ya sunkuya yana shan ruwa a guga. Akta ya fito daga bayan keken shanu, bai kira sunansa ba, ya harbe shi a gadon baya sau uku. Sannan ya kama shi ta ƙafa, ya ja shi, ya jefa gawar cikin rijiyar.

Ƙarar faɗawar gawar a ruwa ita kaɗai aka ji a siton. Ko atishawa babu.

Aka nuna matar tsaye tana leƙen rijiyar da ba za a ƙara shan ruwanta ba. Aka nuna mutanen gari suna ɗaure kaya a kan kekunan shanu, za su bar garin. Akta ya wuce ta gabansu a kan goɗiyarsa, bai ko waiwaya ba. Rubutu ya hau bango, fitila ta kama.

Sai wani tsoho mai sayar da doya ya miƙe ya ce, "A rijiya? Gawa a rijiya?" Kamar jiran wannan ake yi, siton ya kaure. Wasu na zagin Turawa, wasu na zagin Gregory, wani ya jefa ɓawon rake a bango. Samari kuwa, 'yan sakandare da leburorin tasha, wasunsu na dariya suna kwaikwayon yadda akta ya ja gawar.

Kumai ya fito kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Martina ta dube shi ta ce, "Baban Afiniki, wannan ne abin da ka yi shekara goma sha takwas kana cika mini kunne da shi?"

"Ba shi ba ne," in ji Kumai. "Sun kashe shi. Sun ɗauki sunansa sun ba ɓarawo."

Meshak ya ja ƙafarsa ya tafi.

Ran Litinin da hantsi shagon Sambo ya zama kamar kotu. Mutane sun cika bencin, wasu na tsaye a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ko ɗinki ɗaya Sambo bai yi ba.

Mai doya ya ce shi dai tun da aka haife shi bai taɓa jin inda ko maye ya ɓata ruwan sha ba. Wani malamin firamare ya ce Turawan yanzu sun bar Allah, shi ya sa ba su iya yin akta mai tsoron Allah. Wani saurayi mai aiki a gidan waya ya ce shi kalar ta burge shi, kuma harbin ya fi kama da gaske, aka yi masa caa har ya ja baki ya yi shiru. Sambo ya ce abin da ya fi ɓata masa rai zoben nan ne. "Matar da mijinta ya rasu, ka karɓi zobenta? Ko ɗan fashi yana jin kunyar wannan."

Kumai ya sake ba da labarin tsohon daga farko, don a wanke kunne. Yana cikin bayanin hula da ruwa, sai Meshak ya iso da keken Sambo da ya gyara. Ya jingine shi, ya tsaya yana saurare.

"Meshak," in ji Kumai, "kai ka riƙe bindiga. Gaya musu. Namiji yana harbi ta baya?"

Meshak ya goge hannunsa da tsumma. "Yaya, ka bar ni kawai."

"A'a, faɗa musu."

"To. Sabon shi ne gaskiya."

Kowa ya juyo.

"Ni ban taɓa ganin wanda ya tsaya gaba da gaba ba," in ji Meshak. "Wanda ya gwada, shi ne ba ya dawowa gida. In ka ga mutum yana shan ruwa, bindiga a ƙasa, a lokacin ake harbi. Kuma ba ya kwanciya shiru, yana kiran mamansa, yadda kuka gani."

"Rijiyar fa?" in ji mai doya. "Ita ma gaskiya ce?"

Meshak ya dubi ƙasa. "Wani ƙauye ne, ba zan faɗi sunansa ba. Mun yi tafiyar kwana biyu babu ruwa. Muka samu rijiya, muka sha, muka cika gora. Da safe wani kofur ya leƙa da tocila. Mutum uku ne a ciki. Ɗaya mace."

Sambo ya saki almakashin da ke hannunsa.

"Wa ya jefa su?" in ji malamin firamare.

"Ban tambaya ba. Ba a tambaya."

Ya juya ya tafi. Shekara shida ke nan da dawowarsa, kuma ko 'yar'uwarsa Martina ba ta taɓa jin wannan ba.

Kumai ya rasa inda zai sa kansa. Kunya ta kama shi, ita ce kuma ta juye ta zama fushi. Ya ce yaƙi daban, fim daban, ai don a ga yadda ya kamata mutum ya zama ake zuwa silima, ba don a ga ƙazanta ba. Ya miƙe ya ce shi zai je wurin Gregory, a dawo musu da na ainihi, yaran nan su ga bambanci. Mutum takwas suka bi shi.

Suka tarar da Gregory a ɗan ɗakinsa na sama yana share inji da burushi. Ya saurare su har suka gama, bai ɗago ba.

"Oga Direba, tsohon abu ne. Ƙila ma sun ƙone shi."

"Ka rubuta Legas ka tambaya."

"Ku bar shi yadda kuke tuna shi. Ya fi daɗi haka."

"Kai dai rubuta," in ji Sambo. "In ya zo, mu za mu cika maka siton nan sau uku."

Gregory ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kamar akwai magana a bakinsa. Sai ya ce to, zai gaya wa mai silimar.

Sati biyar ana jira. A cikin sati biyar ɗin nan Kumai bai taka rumfar Meshak ba, shi ma Meshak bai zo cin tuwon ran Lahadi ba kamar yadda ya saba. Martina ta yi magana sau ɗaya, Kumai ya ce ba shi ya kore shi ba.

Ƙarshen watan Agusta jirgin Legas ya sauke akwatin ƙarfe mai tsatsa. Kumai da kansa ya je tasha, ya sa tsoffin abokan aikinsa suka sauke shi a hankali kamar ƙwai. Da Gregory ya buɗe, ga gwangwanaye masu faɗi kamar faranti, kowane da naɗin fim a ciki da lamba a bayansa. Gregory ya ƙirga su, ya sake ƙirgawa.

"Shida," in ji shi, kamar yana magana da kansa.

Ran Asabar mutane har bakin ƙofa. Martina ta je da kanta ta jawo Meshak, ya zauna a ƙarshen benci.

Da farin doki ya bayyana, siton ya ɗauki ihu. Hoton yana rawa, farin layi na gilmawa, murya na shaƙewa, amma shi ne. Ga farar hula tsaf, ga murmushin. Matar ta miƙa masa jakar kuɗi, ya mayar mata. Dattawa suka miƙe suna tafi. Kumai yana faɗin magana kafin akta ya faɗe ta, yana juyawa yana duban samari. Ko Martina ta ce, "To, wannan kam ɗan mutunci ne."

Aka zo wurin dutse. Akta ya hau shi kaɗai, rana na faɗuwa a bayansa. Bango ya yi duhu na ɗan lokaci, alamar Gregory yana canja gwangwani.

"Yanzu za ku ga ya dawo da safe," in ji Kumai.

Bango ya haska. Ba safiya ba ce. Akta yana kan dutsen har yanzu, yana leƙen wani kwari. A cikin kwarin akwai bukkokin fata kamar ashirin, hayaƙin girki na tashi, yara na wasa da kare. Jajayen Indiyawa ne, ba na fim ɗin rawa da waƙa ba, mutanen asalin ƙasar masu sa gashin tsuntsu a ka.

Sambo ya taɓa Kumai. "Direba, ka tuna wannan?"

"Babu wannan," in ji Kumai. "Gregory ya haɗa da wani fim."

Amma dokin ne, hular ce. Akta ya gangara. Wani tsoho ya fito daga bukka, ya ɗaga hannu alamar salama, ya fara magana da karyayyen Turanci.

"Direba, me ya ce?"

Kumai ya ƙura wa bango ido.

"Direba!"

"Ya ce... Ya ce rijiyar nan kakanninsu suka haƙa. Kaburburansu na nan kusa da ita. Mijin matar ne ya kore su da bindiga. Ya ce ba faɗa suka zo ba, fari ya kashe musu dabbobi, a bar su su riƙa ɗiban tulu biyu a rana."

"Shi kuma akta fa?"

"Ya ce... ƙasar tana da takarda yanzu. Su tashi kafin gari ya waye."

Aka nuna asuba. Ba su tashi ba, wata mata tana hura wuta. Sai kiɗa ya tashi, irin kiɗan nan mai daɗi na ƙaho da ganga wanda ake sa wa akta in zai yi abin kirki. Ya sauko a guje da itacen wuta a hannu, yana bin bukka ɗaya bayan ɗaya yana cinna mata. Maza suka fito, yana harbin su. Babu jini, kowa ya dafe ƙirji ya kwanta. Waɗanda suka juya suna gudu, su ma ya harbe su. Tsohon ya faɗi a bakin bukkarsa. Mata da yara suka bi cikin rairayi da ƙafa, ba ko tulu. Akta ya tsaya a kan dokinsa, ya gyara hula, ko toka ba ta taɓa ta ba, ya yi murmushin nan.

Bango ya yi duhu, ya sake haskawa. Ga shi ya dawo da safe, gari na ta murna, matar ta rungume shi.

"Yesu," in ji Martina. Ba ta rage murya ba. "Ashe murnar ke nan. Ashe rijiyar ma ba ta matar ba ce."

Ba wanda ya ce mata ta yi shiru. Yawancin waɗanda ke zaune a siton nan manoma ne ko 'ya'yan manoma, kowa ya san inda kabarin kakansa yake da rafin da gidansu ke sha. Fim ya ci gaba. Akta ya tsaya gaba da gaba da bos, ya riga shi harbi, ya ɗebo ruwa a hula, ya durƙusa ya shayar da shi, daidai yadda Kumai ya sha faɗa, bai ƙara ko kalma ba. Ba a yi tafi ba. Mai doya ne kawai aka ji yana cewa, "Shi ya samu ruwa. Tsohon fa?"

Fitila na kamawa Kumai ya tashi, ya bi matakala zuwa ɗakin inji, Sambo na biye da shi. Gregory yana zaune a kan akwatin, kamar yana jiran su.

"Daga ina wannan ya fito?" in ji Kumai.

"Gwangwani na huɗu ne, Oga Direba. Nasa ne tun asali."

"Sau uku na kalla!"

"Gwangwani biyar na nuna muku." Gregory ya shafa fuska. "A 58 ɗin, da damina ya zo. Taragon ya yi yoyo, ruwa ya shiga na huɗu, fim ɗin ya manne kamar ƙosai. Maigida ya ce in tsallake, ba wanda zai gane. Na haɗa na uku da na biyar, sai ya zauna daidai. Ni kaina ban san abin da ke ciki ba sai da aka busar da shi muka duba kafin a mayar."

"Ka sani ke nan. Shekara goma sha takwas kana ji ina cewa addu'a ya je yi."

"Na sani. Ranar da na fara jin ka faɗa, na so in gaya maka. Sai na ga yadda mutane ke saurare." Ya dubi gwangwanin. "Jiya ma na yi tunanin in sake tsallake shi. Na riƙe gwangwanin nan a hannu. Sai na tuna abin da aka ce surukinka ya faɗa a shagon Malam. A garinmu ma, bayan yaƙi, shekara biyu mata na zuwa rafi, ba a taɓa rijiyar kasuwa. Na ce bari a gani duka."

Sambo ya zauna a kan matakala. "Halwa," in ji shi, ya girgiza kai. "Ni da bakina na ce halwa ce."

A waje mutane sun ƙi watsewa, ga hadari ya haɗu. Gardama ta koma sabuwa. Malamin firamare ya ce har yanzu tsohon fim ɗin ya fi, ko ba komai za ka iya kai yaro ya gani. Martina ta ce ita ba za ta kai ko akuya ba, gara mai dauɗar nan, shi kam da ka gan shi ka san mugu ne, ba a sa masa kiɗa ba. Saurayin gidan waya ya ce abin da ya ba shi mamaki, sabon ya fi muni amma a cikinsa ba a ƙone bukkar kowa ba, ko Indiyawan ma ba a nuna ba, to su kuma ina suka kai su? Wani ya ce ƙila kunya suka ji suka cire. Wani ya ce ba kunya ba ce, mantawa suka yi da su ɗungum. Mai doya ya ce shi daga yau ya bar kaboyi, in zai zo silima sai ranar Indiya mai waƙa.

Aka juyo ga Kumai da ya sauko, ana jiran hukuncinsa. Ya dubi fuskokinsu. Akwai waɗanda tun suna yara suke zama a gabansa suna jin labarin nan.

"Abin da na gaya muku, na gani," in ji shi. "Amma ban ga duka ba. Wurin dutsen nan kuwa, ni na ƙirƙira. Ku yafe ni."

Ruwa ya sauko, kowa ya kama gabansa.

An nuna tsohon fim ɗin Asabar biyu bayan wannan, siton kuma ya cika, har daga Kagoro da Zonkwa aka zo, don labari ya bazu cewa akwai wurin da ba a taɓa gani ba. Kumai bai koma ba. A shagon Sambo ma in wani ya ɗauko zancen, sai Sambo ya ƙara wa keke gudu.

Ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, Kumai bai bi Martina gida ba. Ya sayi dafaffiyar masara guda huɗu ya nufi bakin kasuwa. Meshak yana zaune a ƙofar rumfarsa, ya miƙe ƙafar da ke ciwo a kan tsohuwar taya. Kumai ya jawo kujera, ya miƙa masa masara biyu.

Suka fara ci.

"Na yi maka ba daidai ba a gaban mutane," in ji Kumai.

"Ya wuce, Yaya."

"Bai wuce ba. Shekara shida kana cin tuwo a gidana, ni ne ke ta surutu. Ban taɓa tambayar ka ba." Ya juya totuwar masarar a hannunsa. "Ƙafar nan. A ina ne?"

Meshak ya daɗe yana kallon hanya. Wata mota ɗauke da buhunan masara ta wuce, ta watsa ruwan kwata.

"Yana da tsawo," in ji shi. "Kuma ba ni ne akta a ciki ba."

"Ba inda za ni."

Meshak ya fara daga ranar da aka ɗauke su a Zariya, su arba'in a bayan mota, da sunan wani ɗan Gwantu da ya zauna kusa da shi yana amai tun daga hanya. Da Martina ta gaji da jira ta aiko a kira su, tuwo ya huce, bai ma kai ga ƙetare kogin Binuwai ba. Suka taso tare, Kumai ya rage tafiya don ƙafar, Meshak ya ci gaba da magana har ƙofar gida.